Kati mai kyau ya fi dubban wasanni

Tun daga Gidan Rumji har Gazawa, duk garin da godaron Maraɗi ya ratsa ba ya rasa rumfar da samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation, muddin akwai wuta ko janareto. Yanzu kuma ƙananan na'urorin wasa na hannu, irin su R36S da Anbernic RG35XX da Miyoo Mini, sun fara shigowa aljihun yara. Mai sayarwa zai ce maka akwai wasanni dubu goma sha a ciki. Ba zai gaya maka cewa Linux ne ke tafiyar da su ba, alhali nan amfaninsu yake.

Ni dai ina goyon bayan waɗannan ƙananan, ko da yake masu kallon YouTube hankalinsu na kan Steam Deck. Kamfanin Valve ya fito da ita a Fabrairun 2022 a kan dala 399, kuma manhajar Proton da ke cikinta na sa wasannin Windows su yi aiki a Linux. Aiki ne mai kyau. Sai dai wasa guda na iya cin giga hamsin ko ɗari kafin ya sauka, kuma batirin kan ƙare cikin 'yan awoyi. Wa zai sayi wannan data a Cadawa ko Tibiri? Wutar ma daga Katsina layinta ke shigowa ta Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu da Najeriya ta yanke ta a Agustan 2023. Abin da ya dace da mu shi ne wanda ke aiki ba intanet, wanda ƙaramin faifan hasken rana ke cika shi.

R36S haka take, amma tana da ciwo guda: katin memorin da take zuwa da shi na banza ne. Bayan 'yan watanni sai allo ya yi baƙi, yaro ya ɗauka na'ura ta mutu, a jefar. Lafiyarta lau. Magani shi ne a sayi katin kirki, SanDisk ko Samsung na gaske, a kwafe tsohon tun yana da rai, a rubuta tsarin ArkOS a sabon da Rufus ko balenaEtcher a kwamfuta. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, domin allon R36S iri-iri ne, kuma in ba a ɗauko ƙaramin fayil ɗin allo daga tsohon katin ba, sabon ba zai nuna hoto ba. Ramin kati biyu gare ta. A sa tsari a ɗaya, wasanni a ɗaya, don in wannan ya lalace wancan ya tsira.

Sauran kayan aikin duk kyauta ne. RetroArch na kunna wasannin Nintendo da Sega na da, da na PlayStation ta farko, ana juya shi zuwa Faransanci, kuma yana ajiye wasa daidai inda aka tsaya in an kira salla ko aike. PPSSPP na kunna na PSP, ko da yake masu nauyi suna jan ƙafa. PortMaster kuwa yana kawo wasannin da masu su suka sake wa kowa, kuma na fi son wannan hanya, domin yawancin abin da ake cusawa a katin kasuwa haƙƙin wasu ne aka kwasa ba izini.

Abin da ke damuna shi ne wannan ilimi bai kai ga masu gyaran salula da masu rumfar caji ba. Su ne ke zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a kati ranar kasuwa a Agiye; rubuta tsarin Linux a kati bai fi wannan wuya ba sai kaɗan. Wanda ya koya zai samu sana'a, iyaye kuma za su daina asarar kuɗinsu. Yaron da ya zauna kusa da shi yana kallo zai ga yadda ake raba kati, yadda ake gyara fayil, kuma wata rana yana iya rubuta mana wasan dara da Hausa a saka a cikin na'urar.