Tiyar Dakar a Kasuwar Malanville: Sharhi kan Rahoton PASEC

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar Malanville da sassafe ya san yadda yaran gari biyu suke kama da juna. A wannan gaɓar kogin Kwara ƙasar Benin ce, a waccan kuma Gaya ce ta Nijar. Dendanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci ake ji nan da can, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a ƙetare. Amma da ka buɗe littafin da zan yi sharhi a kansa, sai ka tarar an ajiye ɗan wannan gaɓa a sahun gaba wajen lissafi, ɗan waccan kuma can wajen ƙarshen layi. Na yi shekaru ina koyarwa a wata firamare ta garin nan, ajin ƙarshe na fi daɗewa a ciki, don haka ba zan iya karanta wannan jeri in wuce kamar ban gani ba.

Littafin shi ne rahoton PASEC na 2019, wanda aka fitar a watan Disamban 2020. PASEC shiri ne na ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci, wato CONFEMEN, mai hedikwata a Dakar. An kafa ƙungiyar a 1960, shirin gwajin kuma a 1991. Ana zaɓar makarantu a kowace ƙasa, a jarraba 'yan aji biyu da 'yan aji shida a karatu da lissafi, sannan a auna kowa da ma'auni ɗaya. A 2014 ƙasashe 10 ne suka shiga, a 2019 suka kai 14. Ƙanen manyan gwaje-gwajen duniya ne, irin su TIMSS da aka fara a 1995 da PISA da ƙungiyar OECD ta fara a 2000, wadda a zagayenta na 2022 Singafo ta zo ta ɗaya a lissafi da maki 575.

Bari in fara da yabo, don kada a ce hassada ce ta sa ni magana. Kafin irin wannan gwaji, abin da hukumomi ke nuna wa duniya shi ne yawan yaran da aka rubuta a rajista da yawan ajujuwan da aka gina. Ba wanda ke tambayar ko yaron da ya shekara shida a kan benci ya iya raba 84 gida huɗu. PASEC ta yi wannan tambaya, amsar kuma ba ta yi wa kowa daɗi ba. A 2014, 'yan aji shida na Nijar da suka kai matakin da ake ganin ya wadatar a lissafi ba su cika kashi 10 cikin ɗari ba, ita ce ta ƙarshe a ƙasashen goma. Na Benin sun kusa kashi 40. A 2019 Nijar ta haura kashi 20, Benin ta ɗan wuce kashi 50, tana bin bayan Senegal da Gabon da Burkina Faso da Burundi, Chadi kuma ta koma ƙarshe. Ko a Benin ɗin da aka yi ta murna, kusan rabin yara ke nan suna gama firamare ba su riƙe lissafin da ya kamata ba. Wanda ya faɗa maka wannan gaskiyar ya yi maka alheri, ko da ta yi ɗaci.

To ina matsalar take? Ina da ƙorafi uku, kuma dukkansu daga abin da idona ya gani a aji da kasuwa suka fito.

Na farko, adadi ɗaya da ake bai wa ƙasa guda yana ɓoye fiye da abin da yake nunawa. Daga Malanville zuwa Kwatano tafiyar sama da kilomita 700 ce, zuwa Gaya kuwa ɗan acaɓa bai cika rabin awa ba lokacin da gada take buɗe. Yankinmu na Alibori yana cikin waɗanda suka fi ƙarancin yara a makaranta a duk Benin. Ajin da na koyar, da yawan yaransa da ƙarancin littattafansa da yadda yake raguwa lokacin girbin shinkafa, ya fi kama da aji a Gaya nesa ba kusa ba a kan aji a Kwatano. In aka haɗa makinmu da na 'yan kudu aka fitar da matsakaici, sai mu sami yabon da ba namu ba, maƙwabtanmu kuma su sha zargin da tare ya kamata mu ɗauka. Gaskiya ne akwai rahotannin ƙasa-ƙasa da ke rarraba sakamako yanki-yanki, amma wa ke karanta su? Jadawalin nan na wane ya fi wane shi ne ke zuwa rediyo, shi ne minista ke ɗagawa a taro. Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. A PISA ta 2012 birnin Shanghai ya ci maki 613 a lissafi, duniya ta yi ta cewa Sin ta fi kowa, alhali birni ɗaya aka jarraba a babban yankin ƙasar, ba a leƙa ƙauyuka ba.

Na biyu, gwajin yana auna wanda ya tarar a aji ne kawai. Yaron da ya bar makaranta a aji uku ya bi shanu, da yarinyar da aka cire don talla, da almajirin da allo kaɗai ya sani, babu su a lissafin. Ka ga ke nan ƙasar da raunanan yaranta suka zube a hanya za ta iya fita da maki mai kyau, wadda kuma ta yi ƙoƙarin jawo 'ya'yan talakawan karkara cikin aji makinta ya sauka. Nijar ta faɗaɗa shiga makaranta ƙwarai tun farkon shekarun 2000, ta ɗauki ɗimbin malaman kwantiragi don cike giɓi. Benin ta soke kuɗin makarantar firamare a 2006, ajujuwa suka cika maƙil. Duk wanda zai kwatanta ƙasa da ƙasa dole ya fara tambaya: cikin yara ɗari da aka haifa shekara ɗaya, nawa ne suka kai aji shida har aka jarraba su? In ba a ajiye wannan adadi kusa da makin ba, an auna hatsi ne bayan an sheƙe, aka ce ga abin da gona ta bayar.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, wato harshe. Ina da 'yar ƙanwa da ke taya uwarta sayar da albasa a kasuwar garin nan bayan an tashi makaranta. Wata rana na ba ta tambaya a rubuce da Faransanci, irin wadda ake yi a jarrabawar kammala firamare: mace ta sayi kashi bakwai na albasa, kowane kashi sefa 175, ta ba da 2,000, nawa ne canjinta? Ta yi shiru tana juya alƙalami, ta haɗa 7 da 175, ta goge, ta dube ni. Sai na karɓe takardar na ce mata, "Ke, kashi bakwai a dala talatin da biyar-biyar, an ba ki jika biyu." Ban rufe baki ba ta ce, "Kawu, kuɗin kaya jika ɗaya da dala arba'in da biyar, canji dala ɗari da hamsin da biyar." Daidai ne, sefa 775 ke nan.

Don 'yan'uwa na Najeriya da ba su saba da ƙirgenmu ba, a nan dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu, wato dala 200. Duk yaron da aka aika kanti yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar a ka, tun bai san sunan abin da yake yi ba. Wasu har naira suke juyawa zuwa sefa, tunda 'yan kasuwar Kebbi ba sa yankewa a nan. Yarinyar nan ta iya lissafin da aka tambaye ta, jimlar Faransancin ce ta tare mata hanya. A takardar gwaji kuwa ba a rubuta "ba ta gane tambaya ba", sifili ake sakawa a gidan lissafi.

Abin mamaki, hujjata tana cikin rahoton kansa. Burundi na cikin ƙasashen da suka fi talauci a duniya, amma a 2014 ta fi kowa a aji biyu, ta kuma fi kowa a lissafin aji shida. Babban abin da ya bambanta ta da saura shi ne yaranta suna fara karatu da Kirundi, harshen da suke ji a gida, kuma da shi aka jarraba ƙananan. Rahoton ya ambaci wannan, sai dai bai kai ga bugun tebur a kansa ba, kuma ban yi mamaki ba, tunda Faransanci ne igiyar da ta ɗaure ƙasashen ƙungiyar wuri ɗaya. Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, amma shekaru da dama abin bai wuce gwaji ba. A 2025 hukumomin Yamai sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko hakan zai kai ga allon ɗan aji ɗaya, da littafi a hannunsa da malamin da aka horar, shi ne abin zuba wa ido. A Malanville tambayar ta fi wuya, don aji ɗaya yana iya tara harsuna huɗu, amma wuyar aiki ba ta zama dalilin a yi kamar babu shi ba.

Yanzu bari in juyo kaina, don na san akwai masu karanta wannan da za su ce, ashe yaranmu sun iya lissafi, Turawa ne ba su iya gwaji ba. Wannan ma yaudarar kai ce. Masu bincike a birnin Recife na Brazil sun nuna tun 1985 cewa yara 'yan talla suna cin lissafi a bakin titi su faɗi irinsa a takarda. A 2025 wani binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo suke cikin waɗanda suka yi shi a kasuwannin Kolkata da Delhi ya sake tabbatar da haka, ya kuma nuna ɗaya ɓangaren: 'yan makarantar da suka iya lissafin takarda sukan ruɗe in aka kawo musu na ciniki. Ma'ana, ilimin nan biyu ba sa tsallakawa wurin juna da kansu, sai an gina musu gada. Lissafin 'yar ƙanwata ya tsaya ne inda dala ta tsaya. Da na tambaye ta kashi 15 cikin ɗari na bashin da manomi ya ci, ko buhun taki nawa zai ishi gona in an faɗi na kadada ɗaya, ko da Hausa ba ta iya ba. Waɗannan su ne lissafin da ke hana a cuci mutum a takardar bashi, su ne kuma ƙofar zama ma'aikaciyar jinya ko injiniya. Kasuwa ba ta koyar da su, aikin makaranta ne, kuma a nan rahoton ya kama mu da gaskiya.

Ya kama mu ta wani wajen ma. A 2019 PASEC ta jarraba malamai su kansu, aka tarar da yawa suna da rauni a lissafin da suke koyarwa, sun kuma fi rauni a dabarar gano inda yaro ya yi kuskure da dalilinsa. Na karanta wannan babi ina jin kunya, don na ga kaina a ciki. Shekara nawa ina rubuta ƙa'ida a allo, yara suna maimaitawa da ƙarfi, ina jin daɗin amon, ban taɓa tsayawa na tambayi yaro yadda yake ƙirga canji a kansa don in ɗora darasi a kai ba. Dukiya tana zaune a gabana a kan benci, ni kuma ina hana ta magana da harshen da take tunani da shi.

Hukuncina a kan littafin shi ne a karanta shi, amma a fara daga tsakiya, inda aka yi maganar malamai da littattafai da bambancin birni da ƙauye, a bar jadawalin gasa sai ƙarshe. Ga masu shirya zagaye na gaba kuma ina da roƙo uku: a riƙa buga yawan yaran da ba su kai aji shida ba daf da makin kowace ƙasa, a fito da sakamakon yankuna a shafin farko yadda za a iya ajiye Alibori kusa da Doso a gani, sannan a yi wa wasu yaran tambayoyin lissafi da baki cikin harshen gidansu, don a rarrabe wanda lissafi ya gagara da wanda Faransanci ya gagara. Maganin su biyun ba ɗaya ba ne.

Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka toshe gadarmu, mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale, ciniki ya ja baya, kuma gidaje da yawa sun fara lissafin wane yaro za a bari a makaranta, wane za a cire. Mahaifin yarinyar nan ya ce mini in ba ta ci jarrabawar bana ba, zamanta a kasuwa ya fi amfani, tunda can ta nuna tana da kai. Ban iya ce masa ya yi ƙarya ba. Abin da na yi shi ne na roƙe shi ya bar mini ita kowace yamma bayan la'asar. Muna farawa da dala da jika, mu juya su sefa, sannan mu rubuta abin da muka yi da Faransanci, jimla bayan jimla. Makon jiya ta gane da kanta cewa dala ashirin cikin jika ɗaya shi ne kashi 10 cikin ɗari, ta tambaye ni me ya sa ba a taɓa faɗa musu haka a aji ba. Na ce mata laifin namu ne, ta buɗe shafi na gaba.