Cukun Savoie: Abin da Matafiyi Yake Ci da Abin da Ake Sayar Masa

A shekarar 1900, lokacin da motocin Faransa gaba ɗaya ba su kai 3,000 ba, wasu 'yan'uwa biyu masu ƙera taya a garin Clermont-Ferrand, André da Édouard Michelin, suka buga wani ɗan littafi mai jan bango suna raba wa masu mota kyauta. A ciki akwai inda za a sha mai, inda makanike yake, da inda za a kwana. Lissafinsu a fili yake: in mai mota ya yi nisa taya za ta cinye, ya dawo ya sayi wata. A 1926 littafin ya fara ba gidajen abinci tauraro, a shekarun 1930 taurarin suka zama hawa uku. Biyu na nufin girkin ya isa mutum ya yi ratse dominsa, uku kuwa ya isa a ɗaura niyyar tafiya takanas. Ashe ke nan al'adar tayar da mota don cin abincin wani yanki, wadda Faransawa suke tinƙaho da ita, da hannun ɗan kasuwa a cikinta tun ranar suna. Wannan ba aibi ba ne, amma ya kamata mai nazari ya riƙe shi a zuciya kafin ya hau hanya.

Hanyar da ta fi dacewa a auna wannan al'ada ita ce wadda ta ratsa Savoie, yankin tsaunukan Alps da ke iyaka da Italiya da Suwizalan, wanda bai zama ƙasar Faransa na dindindin ba sai a 1860. Suna kiran hanyar Route des Grandes Alpes. Ta tashi daga Thonon-les-Bains a bakin tafkin Léman, ta yi kusan kilomita 700 kafin ta sauka bakin Bahar Rum. A rabinta na arewa ta bi ta Le Grand-Bornand da La Clusaz, ta haye mashigar Aravis, ta gangara garin Beaufort, ta sake hawa Cormet de Roselend, har ta kai mashigar Iseran mai tsayin sama da mita 2,700. Duk inda ka tsaya a wannan tsakani, allon ƙofar gidan abinci abu huɗu yake maimaitawa: fondue, raclette, tartiflette da diots, kuma kowanne an ce maka girkin kaka da kakanni ne.

Kakannin nan dai ba haka suka ci ba. Mutanen tsaunin talakawa ne, hunturu yakan rufe su wata biyar ko shida, har ta kai da yawa suna tura yara ƙanana zuwa Faris da sauran birane sharar bututun hayaƙi don a rage bakin ci a gida. Abincinsu miyar ganye ce da dankalin turawa, da burodin hatsin rai mai tauri, da tuwon masara irin na maƙwabtansu Italiyawa, da crozets, wata taliya da ake yankawa ƙanana mai kusurwa huɗu. Cukun da suke ci shi ne tomme, wanda ake yi da madarar da aka riga aka kwashe wa mai. Babban cuku mai maiƙo kuɗi ne, da shi ake biyan haya da haraji, ba a narka shi a tukunya a tsoma burodi.

A nan ne ainihin gadon yake, a cikin dabarar adana madara. Daga watan Yuni makiyaya suke kora shanu zuwa makiyayar kan tsauni, su yi ta hawa suna bin sabuwar ciyawa yayin da ƙanƙara take narkewa, sai Satumba ko Oktoba su gangaro. Madarar kwana ɗari ce ta taru a wurin da babu kasuwa, kuma dole ta ciyar da gida har shekara ta zagayo. Amsar da mutanen Beaufort suka bayar ita ce curin cuku guda mai nauyin kusan kilo 40, wanda yake cinye lita 400 na madara.

Duk wanda ya shiga masana'antar gama kai ta garin Beaufort da safe zai ga aikin da idonsa. Ana zuba ɗanyar madara a ƙaton kaskon tagulla, a sa mata sinadarin da ake samu daga tumbin ɗan maraƙi har ta daskare, a yayyanka ta ƙanana kamar tsakin shinkafa, a ɗumama ana juyawa. Sai a kwashe a cikin ƙyallen lilin, a ɗaure da wani gammon katako mai tudu daga ciki, a danne da nauyi. Wannan gammon ne yake ba gefen curin lotsawar da ake gane cukun Beaufort da ita. Ana cewa don igiya ta zauna ne lokacin da ake ɗora shi a bayan alfadari. Daga nan sai ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi da laima, curi bisa curi a kan allunan katako har rufi, ana goge bayansu da gishiri ana juya su, aƙalla wata biyar. Warin ɗakin yakan sa baƙo ya ja da baya a karon farko. Ɗanɗanon kuwa, musamman na madarar bazara mai launin ɗorawa, ba ya buƙatar a yi masa talla.

Saura ƙiris wannan sana'a ta mutu. A shekarun 1960 abin da ake yi a shekara ya faɗi zuwa wajen tan 500. Matasa sun tafi masana'antu da aikin madatsun ruwa, madatsar Roselend ma ta haɗiye ƙauye guda da wasu daga cikin makiyayarsa mafi kyau. Abin da ya cece ta shi ne manoma sun haɗa kai, da wani jagoransu mai suna Maxime Viallet a gaba, suka zaɓi su yi kaɗan mai tsada maimakon su yi gogayya da manyan kamfanonin madara na fili. A 1968 suka sami rajistar sunan asali, abin da Faransawa suke taƙaitawa da AOC. Dokar da suka ɗaura wa kansu mai tsauri ce: shanu iri biyu kaɗai, Tarine da Abondance; ba a ba su tsimammiyar ciyawa; kuma an ƙayyade madarar da za a tatsa daga saniya, a matsakaicin garke, kada ta wuce kilo 5,000 a shekara. Makiyayi ya sa hannu a takarda cewa ba zai matsa wa saniyarsa ta ba da iyakar abin da za ta iya ba. Yau ana yin kimanin tan 5,000, kuma madarar yankin tana cikin masu tsada a Faransa.

Reblochon, cukun kwarin Thônes da tsaunin Aravis, ƙarami ne mai laushi, bai cika wuce rabin kilo ba, kuma ya sami tasa rajistar tun 1958. Labarin da ake bayarwa shi ne, a zamanin da mai ƙasa yake karɓar haya gwargwadon madarar da aka tatsa, makiyayi yakan rage tatsa a gaban mai awo, in ya juya baya a koma a ƙarasa, a yi cuku da wannan tatsa ta biyu mai kauri. Ko labarin ya inganta ko an ƙara masa gishiri, masu shagon hanya suna son ba da shi, domin matafiyi yana son ya ji cewa abin da yake ci yana da ɗan laifi a tarihinsa.

To, daga wannan cuku ne aka fitar da tartiflette: dafaffen dankali, soyayyar albasa, gutsattsarin naman alade, a raba reblochon biyu a kifa a sama, a sa a tanda har ya narke ya malale. Baƙo zai rantse girkin ya shekara ɗari biyar. A shekarun 1980 ya bazu, kuma ƙungiyar masu yin reblochon ce ta yi ta tallata shi don cukunta ya samu shiga. Akwai wani tsohon girki mai kama da shi da ake kira péla, daga nan aka samo tushen, amma sunan da shaharar na jiya ne. Raclette asalinta daga yankin Valais na Suwizalan take, ta shiga gidajen Faransawa ne sosai bayan an ƙera na'urar lantarki ta narka cukun a kan tebur a shekarun 1970. Fondue ma, wato cukun da ake narkawa a tukunya a tsoma burodi, Suwizalan ce ta fi kowa yayata ta. Abin da ya haɗa ukun shi ne wasan zamiya a kan ƙanƙara: an gina wurin wasan Courchevel daga 1946, gwamnati ta zuba kuɗi a sababbin wuraren wasa a shekarun 1960 da 1970, aka yi gasar Olympics ta hunturu a Albertville a 1992. Dubban baƙi masu jin sanyi da yunwa suna son abu mai zafi, mai nauyi, da za a ci a taru, kuma mai gidan abinci yana son abin da ba ya buƙatar ƙwararren kuku.

Wasu masu nazari sukan tsaya a nan su ce an yaudari jama'a. Ni ban ga haka ba. Kuɗin tartiflette ne yake sa matashi ya zauna a kwarin Thônes yana tatsa safe da yamma maimakon ya sayar da gonar a gina masaukin baƙi. Inda nake da ƙorafi daban ne. Talla ta danne sauran girkin yankin: kifin tafkunan Annecy da Bourget da Léman, irin su féra da omble chevalier, da cukun awaki na chevrotin, da tome des Bauges, duk sai mai nema yake samu. Sannan kasuwar ta juya lokaci baibai. Baƙi sun fi yawa a hunturu, sa'ad da shanu suke ɗaure a turke suna cin busasshiyar ciyawa, alhali reblochon cuku ne na 'yan makonni, mafi daɗinsa na madarar bazara ne. Mafi muni, a wasu wuraren girkin da ake kira tartiflette ba reblochon ne a kansa ba, wani cukun kamfani ne mai araha, domin sunan cukun ne doka ta tsare sosai, ba duk abin da aka rubuta a allon mai abinci ba.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, tunda Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi irin wannan rajista ta sunan asali a 'yan shekarun nan. Abin da Beaufort ya nuna shi ne takardar ba ta yin komai ita kaɗai. Ƙarfinta yana ga masu sana'ar da suka yarda a hana su wani abu, kuma suka bari a zo a duba.

Ga mai niyyar bin hanyar, manyan mashigun tsaunin a rufe suke da ƙanƙara daga kaka har wajen ƙarshen Mayu ko Yuni, don haka lokacinta Yuni ne zuwa Satumba. Musulmi ya buɗe baki ya yi tambaya kafin ya ci: diots tsiren hanjin alade ne da ake dafawa da giya, fondue da giyar inabi ake narka ta, tartiflette kuma ka ji abin da ke ciki. Batun sinadarin maraƙi kuwa, tambaya ce ta malamai, a yi ta tun daga gida. In za ka sayi reblochon, juya shi ka duba ɗan tambarin da ke manne a ɓawonsa: ja na masana'anta ne da ta tara madarar gonaki da yawa, kore kuwa na gona ɗaya ne, an yi shi nan take bayan tatsa. Koren ya fi tsada, kuma ya cancanci kuɗinsa.