Linux a Gidan Haya: Gwanintar Masu Kula da Menfirem

A ƙarshen 1999 kamfanin IBM ya fito da wani aiki na injiniyoyinsa da ke Böblingen a ƙasar Jamus: sun sa Linux ta tashi a kan menfirem ɗin S/390, jikanyar System/360 da aka ƙaddamar tun 1964. Haɗin ya ba mutane mamaki. Linux manhaja ce da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991 don ƙaramar kwamfutarsa, ya bar rubutunta a buɗe, kowa ya duba, kowa ya gyara. Ita kuwa menfirem babbar kwamfuta ce ta bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama da ma'aikatun gwamnati, inda tsayawar awa ɗaya asara ce mai nauyi. A nan aka sami wata sana'a da masu yinta ba su da yawa, kuma a ganina suna cikin gwanayen da suka fi cancantar yabo a harkar kwamfuta.

Wanda ya ƙware da Linux a kan ƙananan injuna, ranar farko a nan faifansa ma zai nema ya rasa. Kusan kowace na'ura ta hanyar da ake kira canel take haɗe da injin, kuma da lamba ake kiranta, irin su 0.0.0150. Tana iya kasancewa a jone lafiya lau amma Linux ba ta taɓa ta, sai an kunna mata ita da chccwdev, ko an cire ta daga jerin cio_ignore da ke ɓoye na'urori. Faifan gargajiyar gidan, DASD, sai an share shi da dasdfmt, an yanka shi da fdasd, kuma ba ya wuce yanki uku. Har yau ana auna shi da silinda, ana cewa samfuri na 3 na 3390 silinda 3,339 gare shi, alhali faifan ƙarfen da ya zo da wannan awo ya daɗe da barin aiki, sababbin na'urori ne ke kwaikwayonsa. Katin sadarwa na OSA lamba uku yake so, ta karatu da ta rubutu da ta bayanai. Wanda kuma ya canza umarnin tashin manhajar bai sake gudanar da zipl ba, canjin bai zauna ba, kuma ba zai sani ba sai ranar da aka sake tada injin, wataƙila bayan watanni.

Duk wannan hadda ce, mai naci zai iya. Ainihin gwanintar tana wani wuri.

An gina Linux da tunanin ita ce mai gida, a menfirem kuwa 'yar haya ce. Ana raba injin gida-gida, kowane yanki LPAR ne, a cikin yankin kuma sau da yawa akwai z/VM, wadda asalinta ya koma VM/370 ta 1972, tana riƙe da ɗaruruwan Linux da ke cin furosesa ɗaya da memori ɗaya. A 2000 wani mai suna David Boyes ya tada Linux fiye da 41,000 a wani gwaji, don a ga iyakar abin. Kowacce a cikinsu ba ta san da maƙwabtanta ba, shi mai kula ne kaɗai ke ganin gidan gaba ɗaya.

Dubi batun memori. Ɗabi'ar Linux ce duk memorin da ta samu a banza ta cika shi da kwafin abin da ta karanto daga faifai. A kwamfutar da ita kaɗai ce a ciki, wannan dabara ce mai kyau. A ƙarƙashin z/VM kuwa, z/VM ba ta bambance kwafin da za a iya zubarwa da abin da ake bukata, don haka sai ta riƙa kwashe na wasu zuwa faifai don ta sama wa wannan wuri, kowa ya yi nauyi. Shi ya sa in aka kawo wa gwani kukan cewa wata Linux tana jan ƙafa a ƙara mata memori, sau da yawa rage mata yake yi. Yana matse ta har sai ta fara ɗan taɓa wurin musaya, wanda ya riga ya ɗora a kan VDISK, faifan da ke cikin memorin z/VM kanta. Nan ne daidai gwargwadonta. Yin wannan a gaban manajan da ke huci yana son zuciya, domin hankalin kowa a ɗakin akasin haka yake gaya masa.

Haka agogo. A da Linux tana farkawa sau 100 a daƙiƙa ta duba lokaci, ko tana da aiki ko babu. In 500 ne ke zaune, farkawa 50,000 ke nan a daƙiƙa ba a yi komai ba. Mutanen menfirem suka gyara nasu ya daina, tun kafin irin gyaran ya iso kwamfutocin kowa a 2007. Kuma a da Linux kan rantse furosesa ya cika maƙil, alhali rabin lokacin an ɗauke mata shi an ba wata. Daga wannan gida aka kawo awon lokacin da aka ƙwace, wanda yau kowa ke gani da haruffan st a top da vmstat. Duk mai hayar saba ta intanet yana morar wannan, ko ya san asalinsa ko bai sani ba.

Saboda haka in matsala ta taso, tambayar gwani ta farko ita ce a wane hawa take. Rumbun bayanai ya yi nauyi daren ƙarshen wata, lokacin da ake lissafin albashi da riba. Zai duba lokacin da aka ƙwace. Zai tambayi z/VM da vmcp ko tana yawan kwashe memori. Zai duba kason da aka ba LPAR ɗinsa, sannan ya bi hanyoyin faifai ɗaya bayan ɗaya, don takan yiwu guda ta mutu tuntuni, sauran sun rufa mata asiri har nauyin daren ya tona. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa in Linux ta daskare. Kowa cewa yake a sake tada ta, shi kuwa sai ya fara kwashe hoton memorinta da kdump ko VMDUMP, ya tattara bayanai da dbginfo.sh, domin in aka tada ta shaidar ta tafi, ciwon kuma zai dawo. Da yake rubutun manhajar a buɗe yake, yana iya bin sawu har layin da kuskuren yake.

Wani lokaci ma kuskuren na duniya ne baki ɗaya. Menfirem tana jera lambobi da babban kai a gaba, saɓanin injunan Intel da AMD, kuma tana cikin ƙalilan da suka rage a haka waɗanda Debian da Ubuntu da SUSE da Red Hat ke ginawa. Manhajar da marubucinta ya ɗauka jeri ɗaya ne a duniya, a nan take faɗuwa, a nan ake kai rahoto, a gyara wa kowa.

Ƙofar koyo ta buɗe fiye da da. Da QEMU ko Hercules mutum na iya tada Linux ta menfirem a laftof ɗinsa, kuma bayan an fito da menfirem ɗin LinuxONE an kafa Open Mainframe Project a 2015, makarantar Marist da ke Poughkeepsie tana ba masu koyo ɗan yanki na injin gaske kyauta. Da waɗannan zai iya lambobi da umarni. Amma raba memori tsakanin ɗaruruwan Linux masu aikin gaske, da gane wadda ke danne saura, wannan sai ya zauna kusa da wanda ya daɗe yana yi, a gaban injin da kuɗin jama'a ke bi ta cikinsa.