Masu Anfasu da Gwanintar Riƙon Numfashi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin da'irar 'yan Ƙadiriyya lokacin da zikiri ya kai tsakiya ya san sautin da nake nufi. Da farko hailala ake yi a fili, ana jan kalmomin a natse, kana jin kowane harafi. Can sai a koma ambaton sunan Allah shi kaɗai. Daga nan, ba tare da wani ya ce uffan ba, harshe ya ja da baya, ƙirji ya karɓi aiki. Mutum talatin ko hamsin su ja iska tare, su tura ta tare, da wata murya mai kauri da ke tasowa daga can ƙasan maƙogwaro, bandiri yana riƙe musu awo, sha'iri kuma yana bi da ƙasida ta samansu. Wannan shi ne anfasu.

'Yan kallo sun daɗe da yanke masa hukunci. Wani ya ce haki ne kawai, wani ya ce rawa ce aka sa mata rawani, wani ma ya haɗa shi da bori. Muhawarar halacci da haramci ta malamai ce, sun yi ta tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, kuma ba su gama ba. Ni abin da ya dame ni daban ne. Cikin wannan ce-ce-ku-ce an manta cewa anfasu gwaninta ce, koyonta ake yi, kuma tana da wuya ƙwarai.

Mai shakka ya tambayi likita. Baligi mai lafiya, in yana zaune, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya shiga ja da ƙarfi da sauri, kafin minti biyu ko uku jiri ya kama shi, leɓɓansa da yatsunsa su fara tsikari, idonsa ya yi duhu. Ba ƙarancin iska mai kyau ke jawo haka ba. Gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ce ta ragu a jini fiye da ƙima, domin jiki yana buƙatar wani kaso nata, kuma in ta yi ƙasa sosai sai hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa su tsuke. Ke nan saurayi majiyi ƙarfi zai iya zubewa a gefen dattijo mai furfura da ke anfasu hankalinsa kwance, goshinsa kawai ke naso.

Mutanen Riruwai sun fi kowa saurin gane sirrin. Tun kafin Bature ya san akwai kuza a duwatsun nan na ƙasar Doguwa, kakanninsu suna haƙo ta, suna narka ta, suna zuba dalma sirara-sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni masu nisa. A wajen narkin nan, da a kowace maƙera har gobe, akwai mai zuga. Yaron da aka fara ba wa zuga-zugi yakan zata ƙarfi ne aikin, sai ya danna da dukan kafaɗarsa, toka ta tashi, wuta ta yi bal ta koma, shi kuma ya gaji tun ƙarfe bai yi ja ba. Gwani bai cika motsa kafaɗa ba. Hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi, iska kaɗan-kaɗan amma ba ta yankewa, har gawayi ya yi fari.

Haka gwanin anfasu yake da ƙirjinsa. Dubi kafaɗunsa, kusan ba sa ɗagawa. Aikin yana ƙasan haƙarƙari, wajen tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Turawar iska ita ce aikin da yake yi da gangan, shigowarta kuwa yakan bar ta ta zo da kanta, saboda ciki in aka matse shi aka saki, komawa yake yi. Sautin da kake ji mai girma ne, amma iskar da ke bayansa ba ta da yawa: maƙogwaro ne ya ƙuntata mata hanya har ta yi amo. Shi ya sa jiri ba ya kama shi. Sunkuyawa da miƙewar nan kuma, da ake kira rawa, su ma cikin aikin suke. In jiki ya rusuna gaba, ciki ya matsu, iska ta fita ba wahala. In ya miƙe, huhu ya buɗe. Gwiwa tana ɗan lanƙwasa don kada baya ya ɗauki nauyin duka. Mai rawa yana motsi don a gan shi. Mai anfasu sau da yawa idonsa a rufe yake.

Amma ba wannan ne mafi wuya ba. Mafi wuya shi ne kunne. Mutum shi kaɗai a ɗaki zai iya koyon tura iska cikin 'yan makonni. A da'ira kuwa, dole numfashinka ya sauka daidai da na wanda ke damanka da na wanda ke hagunka, kuma huhunku ba ɗaya ba ne, shekarunku ba ɗaya ba. Mutum ɗaya in ya riga sahu da ƙiftawar ido, kowa zai ji shi. Saboda haka dogo ya rage, gajere ya ƙara, mai sauri ya danne zuciyarsa. Shi kuma muƙaddamin da ke jan zikirin yana sauraron kowa a lokaci guda. Ya san sa'ad da zai ɗaga awo, da tafi ko da motsin jiki, ya san sa'ad da sahu ya fara nauyi, ya sassauta kafin wani ya jigata. Saukar da zikiri ma ilimi ne, domin ba a yanke shi kwatsam ana tsaka da gudu. A hankali ake dawo da shi kan harshe, a rufe da salati da addu'a. A nan bambancinsa da bori ya fito sarari. A bori ana kiɗa garaya ko goge ne don iska ta hau mutum, ya fita hayyacinsa. A da'ira kuwa, wanda ya saki hankalinsa shi ne zai ɓata awo, abin da ake nema shi ne zuciya ta halarci abin da ake ambato.

Ƙadiriyya tsohuwa ce a ƙasar nan. Ana danganta shigowarta Kano da Shehu Maghili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wajen ƙarshen ƙarni na 15, kuma ita ce ɗarikar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sai dai zikirin taro da bandiri da anfasu, yadda muke ganinsa yau, aikin Shehu Nasiru Kabara ne ya bunƙasa shi. Bandiri ya zo da Larabawan Tarabulus mazauna Kano, mabiya Shehu Abdussalam al-Asmar. Zikirin numfashi kuwa ta hanyar Sammaniyya ya zo, ɗarikar Shehu Muhammadu Sammani na Madina, wanda ya rasu a 1775, wadda ta yi ƙarfi a Sudan. Malam Nasiru ya tattara waɗannan rassa a inuwa ɗaya, ya je Bagadaza a 1953, ya kafa Maukibin da ake yi kowace shekara a watan Rabi'us Sani don tunawa da Sidi Abdulƙadir Jilani. Ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullah ya gaje shi a matsayin Halifa. Ranar Maukibi, in ka tsaya kusa da Gidan Ƙadiriyya a unguwar Kabara, za ka ga tawagogi daga birni da ƙauye, kowace da tutarta da bandiranta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata gwaninta ta wata ƙasa da aka yi wa irin wannan gurguwar fahimta. Mu Hausawa mun san Indiya ta finafinai, har mawaƙan bege na Kano suka riƙa ɗauko karin waƙoƙinsu suna yabon Manzon Allah da shi a kan bandiri. Yanzu kuma waya ta kawo yoga. Saurayi a Tudun Wada ko budurwa a Bebeji za su buɗe Facebook su ga wata ta naɗe ƙafa a bayan wuya a kan tabarmar roba, su ɗauka ita ke nan yoga: wasan lanƙwasa jiki na masu neman rage tumbi.

Tsofaffin littattafanta ba haka suka nuna ba. Littafin Patanjali, wanda aka tsara wajen shekara ta 400 miladiyya, ya ƙunshi gajerun jimloli kusan 195, kuma uku kacal ne a cikinsu suka yi magana a kan yanayin zama. Matakai takwas ya jera. Biyun farko ɗabi'a ce, irin su gaskiya da barin cuta da barin sata da tsabta. Zama shi ne na uku, sarrafa numfashi na huɗu, sauran duka tattara hankali ne. Ko Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15, wanda ya fi kula da jiki, siffofin zama 15 kawai ya koyar, ya ba numfashi babi guda sukutum, da hanyoyi takwas na riƙe shi. Ɗaya daga cikin takwas ɗin, su ma da zuga-zugin maƙeri suka kwatanta ta. Yogar jere-jeren motsi da ta cika duniya ta fi samun siffarta ne a ƙarni na 20, musamman a makarantar Krishnamacharya a garin Mysore a shekarun 1930, kuma ita aka fi gani tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga a 2014.

Tantara kuwa ta fi shan ƙazafi. A Amurka da Turai an mai da sunanta tallar sha'awa, har mutum ya ji kunyar furta shi. Gaskiya ne wasu ƙananan ƙungiyoyi a cikinta sun yi al'adun da suka haɗa da giya da saduwa, ba a ɓoye wannan. Amma tantara faffaɗan ilimin ibada ne na mabiya Hindu da Buda, mai tarin littattafai tun wajen ƙarni na 6, da manyan masana irin su Abinabagupta na Kashmir, wanda ya rayu wajen shekara ta 1000. Galibin abin da ke cikinta karɓar izini ne daga malami, da maimaita kalmomi da carbi mai ƙwaya 108, da ladubban wurin bauta, da lura da numfashi. Sun ƙidaya cewa mutum yana numfashi sau 21,600 a yini da dare, wato sau 15 a minti, lissafin da bai saɓa wa na asibiti ba. Daga cikin wannan gida yogar jiki ta fito. Littafin Amritasiddhi na ƙarni na 11, wanda ke cikin na farko da suka koyar da dabarunta, 'yan tantara na addinin Buda ne suka rubuta shi.

Malaman Musulunci ba su kau da kai daga wannan ilimi ba. Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci a farkon ƙarni na 11. A ƙarni na 16, Shehu Muhammadu Gausu na Gwaliyo, jigon ɗarikar Shaɗɗariyya a Indiya, ya rubuta Bahrul Hayat da Farisanci, inda ya bayyana zaman yogawa da riƙon numfashinsu. 'Yan Naƙshabandiyya kuma, tun daga ƙasar Bukhara, sun sa farkawar zuciya a kowane numfashi cikin ƙa'idojin hanyarsu.

Kada a ji wannan a ce na mai da anfasu yoga. Silsilarsa Madina da Bagadaza ta nufa, abin ambatonsa Allah Maɗaukaki ne, aƙidar mai yinsa tauhidi ce, kuma ta yi hannun riga da ta mabiya Hindu. Abin da ya haɗa su shi ne halitta: huhu biyu ne da ɗan Kashmir, biyu ne da ɗan Doguwa. Duk al'ummar da ta daɗe tana lura za ta gano cewa numfashi ne aikin cikin jiki da ke tafiya da kansa ko kana barci, amma kuma yana karɓar umarni in ka ba shi, kuma in ka ja fitarsa a hankali bugun zuciya yakan lafa. Za ta kuma gano haɗarinsa. Shi ya sa ɓangarorin biyu suka dage a kan malami. Littattafan Indiya sun yi kashedi cewa riƙon numfashi ba bisa ƙa'ida ba yana jawo cuta. A da'ira ma sabon shiga ba ya jan sahu. Yakan tsaya gefen wanda ya iya, ya bi shi a hankali har ƙirjinsa ya saba. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mace mai juna biyu, bai kamata su ɗauki numfashin sauri daga bidiyon waya ba, ko da wane suna aka kira shi.

Akwai abu guda da Indiyawa suka yi wanda nake sha'awa. Tun 1924 Swami Kubalayananda ya buɗe cibiya a Lonabala, kusa da Mumbai, ya zaunar da yogawa a gaban na'urori yana auna abin da ke faruwa a ƙirjinsu da cikinsu, yana bugawa a mujalla. Muna da Jami'ar Bayero, muna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma Gidan Ƙadiriyya yana cikin gari ɗaya da su. Ina fata wani ɗalibin likitanci ya je ya durƙusa ya gaida Halifa, ya nemi izini, ya auna bugun zuciya da iskar jinin dattawan da suka shekara arba'in a da'ira, ya gwada da na samarin da suka shigo bana, ya kuma rubuta yadda su dattawan suke bayyana aikin da bakinsu.