Ƙaramar Motar Sulke a Kan Kanta, Babban Tarihi a Cikinta

Cikin masu sha'awar tara ƙananan samfurorin motocin yaƙi akwai wani rukuni da ya keɓe kansa ga mota guda: LVT, mai tafiya a ruwa da tudu a kan sarƙa, wadda Amurka ta yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu kan sayi ta ƙarfe da aka gama ƙerawa, wasu kuma su sayi ta roba a warwatse, su zauna da gam da wuƙa da burushi suna haɗawa guntu-guntu. Ma'auni biyu suka fi yawa. A 1/35, motar da tsawonta ya kusa mita 8 takan koma kusan santimita 23, a 1/72 kuwa kusan 11. Kamfanonin Italeri da AFV Club sun fitar da nasu a 1/35, Airfix na Ingila kuma yana da nasa a 1/76, har da ƙaramar jif da ake ɗorawa a ciki.

A ganina, darajar wannan sana'a tana cikin jerawa. Samfuri ɗaya ado ne kawai. Uku a jere kuwa labari suke bayarwa.

Ɗauki LVT-1. Asalinta ba ta yaƙi ba ce. Donald Roebling ya ƙera ta a jihar Florida a shekarun 1930 don ceton mutanen da guguwa da ambaliya suka rutsa da su, har mujallar Life ta buga hotonta a 1937, sojojin ruwa suka hango amfaninta. Duk wanda ya haɗa samfurinta zai lura da haƙoran da ke jikin sarƙar, domin su ne ke tuƙa ta a ruwa kamar filafili.

Sai LVT-2, wadda ake kira Water Buffalo, wato ɓaunar ruwa. A yaƙin tsibirin Tarawa, ranar 20 ga Nuwamba 1943, ruwa bai cika yadda aka zata ba, kwale-kwalen sauke sojoji suka maƙale a kan duwatsun murjani, sojoji suka yi ta ratsa ruwa a ƙafa harsashi na sauka. Motocin LVT masu sarƙa, waɗanda aka kawo guda 125, su ne suka iya tsallakewa. Amma dubi samfurin da kyau: babu ƙofa. Soja sai ya haura ta gefe, ya bayyana ga maharbi, sannan ya dira.

Yanzu ajiye LVT-4 kusa da ita. An mayar da injin gaba, an buɗe ƙofa mai saukowa a baya, sojoji su fita jikin motar na kare su. Ta fara aiki a tsibirin Saipan a 1944, sojojin Birtaniya kuma suka ƙetare kogin Rhine da ita a Maris 1945. Wannan ƙofar, wadda a 1/72 faɗinta bai wuce 'yan yatsu biyu ba, da jinin mutane aka koyi darasinta.

A nan ne nake da ƙorafi. Samfurin ƙarfe da ke fitowa daga masana'anta yakan zo tas, yana sheƙi, kamar bai taɓa ganin gishirin teku ba. Gani ya kori ji, amma idan abin da aka nuna wa ido ya yi tsabta fiye da gaskiya, ido ma ya ruɗu. Shi ya sa nake jinjina wa magina masu haƙuri, waɗanda ke zuba tsatsa a gindin ƙusoshi, su shafa farar ƙurar murjani a sarƙa, su kankare fenti inda takalman soja suka goge, su zaunar da ƙananan mutane a ciki kafaɗa da kafaɗa, kawuna a sunkuye. Mai kallon irin wannan aiki yakan daina tambayar kuɗin samfurin, ya fara tambayar mutum nawa ne suka kai gaɓa.