Jinjina ga Masu Ɗibar Ƙaro

Damina na janyewa, mutumin Kordofan ta ƙasar Sudan zai saɓa ɗan gatarinsa ya kutsa dajin dakwara. Ya ɓare ɓawon reshe kaɗan, ya yi tafiyarsa. Bayan 'yan makonni ya dawo ya iske ƙaro ya daskare curi-curi, launin zuma. Ƙaya kuwa ba ta raga masa. Dubi bayan hannunsa, duk tabo ne. Sannu da aiki, baba.

Buhunsa ya bi ta kasuwar El Obeid zuwa Port Sudan, ya ƙare cikin lemon kwalba da alewa da ƙwayar magani. Ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, ƙaro ta ɗaga wa ƙafa. Mu nan kuwa, ƙaron ne almajiri ke jefawa cikin tawada don rubutu ya kama allo.