Gwanintar Fostar Bincike: Aikin Shekaru a Kan Takarda Ɗaya

A manyan tarukan masana kimiyya, ba kowa ake ba dandamali ya hau ya yi jawabi ba, domin masu bincike sun fi ƙarfin lokacin da ake da shi. Shi ya sa tun a shekarun 1970 ƙungiyoyin masana a Turai da Amurka suka rungumi wata dabara. Sai a jera alluna a babban zaure, kowane mai bincike ya manna babbar takarda ɗaya mai ɗauke da aikinsa, ya tsaya gefenta, masu sha'awa su zagayo su yi masa tambaya. A yau, taron shekara-shekara na masana ƙwaƙwalwa a Amurka kaɗai dubban fostoci yake ɗauka. Ɗalibanmu na Zariya da Kano da Yamai ma galibi ta wannan ƙofa suke fara shiga taron duniya.

Na daɗe ina jinjina wa waɗanda suka iya wannan aiki, don na san abin da yake ci. Mai wucewa a zauren fostoci yana da ɗaruruwan alluna a gabansa, ƙafafunsa sun gaji, hayaniya ta cika masa kunne. Kallo ɗaya zai yi wa takardarka yana tafe. Idan a wannan kallon bai gane abin da ka gano ba, ya wuce ke nan. Gwanin fosta shi ne wanda ya yarda da wannan gaskiya tun kafin ya buɗe kwamfuta, ya tambayi kansa: cikin duk abin da na yi, wane abu ɗaya nake so mutum ya tafi da shi?

Amsa wannan tambaya ita ce rabin aikin, kuma ita ce mafi ciwo. Wanda ya shafe shekaru a ɗakin gwaji ko a gonar gwaji yana ƙaunar kowane jadawali da ya haɗa, don ya san gumin da ya zuba a kansa. Sabon shiga yakan kwaso babi-babi daga kundinsa ya cusa, har takardar ta koma bangon rubutu. Gwani kuwa ya koyi yankewa. Yakan ajiye tarihin binciken da magabata suka yi a layi biyu ko uku, ya taƙaita hanyar gwaji da zane, ya bar fili mafi girma ga sakamako. Kamar mai shagon atamfa ne da ya san kasuwa: turmi biyu ko uku mafi ɗaukar ido yake ratayewa a bakin ƙofa, sauran suna ciki sai wanda ya shigo ya tambaya.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta yi nazari kan buhunan PICS na ajiyar wake, waɗanda masana Jami'ar Purdue suka samar tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru. Buhun yana da leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan an ɗaure kowanne da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke huda wake su cinye sauran iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ɗalibar tana iya sa wa fostarta take kamar haka: "Nazari kan hanyoyin ajiyar wake a wasu ƙauyuka." Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi komai ba. Idan ta rubuta, "Buhu mai ninki uku yana kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba," to wanda ke nesa ma ya ƙaru. A ƙarƙashin wannan take sai ta sa hotuna biyu kafaɗa da kafaɗa: tafin hannu cike da wake lafiyayye, da wani cike da wake mai huji-huji da gari. Gani ya kori ji. Zanen ƙididdigarta kuma sai ya biyo baya, don masanin da zai tsaya ya bincika ko alƙaluman sun goyi bayan hoton.

Wannan ra'ayi ne Mike Morrison, lokacin yana ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Jihar Michigan, ya kai maƙura a 2019. Ya fitar da bidiyo yana ba da shawarar a rubuta babban sakamako da manyan haruffa cikin harshe mai sauƙi a tsakiyar fosta, a tura bayanan hanya da alƙaluma gefe biyu, a kuma sa lambar QR da mai kallo zai ɗauka da waya ya sauke cikakkiyar takarda. Salon ya bazu a taruka da dama. Wasu masana sun soke shi da cewa yana ɓata fili kuma yana rage wa hujja matsayi, kuma sukar tana da tushe. Amma ko wanda bai bi tsarinsa ba ya amfana da darasin: sakamako ne ya kamata ido ya fara faɗawa a kai.

Daga nan sai aikin ido da ma'auni. Takardar da aka fi amfani da ita a tarukan Turai da Afirka ita ce A0, faɗinta santimita 84.1, tsawonta 118.9, wato daidai da takardar A4 guda 16. A Amurka an fi saba wa inci 36 da 48. Gwani ba ya zato, yakan fara karanta ƙa'idar masu taro: girman allo nawa ne, a tsaye za a rataya ko a kwance? Da wannan yake saita shafinsa tun farko, ko a PowerPoint yake aiki ko a wata manhaja. Rubutun jiki ba ya barin ya gaza lamba 24 a ma'aunin girman haruffa, take kuwa ya kai 80 ko fiye, yadda za a karanta shi daga tsallaken hanya. Yakan jera bayani ginshiƙi-ginshiƙi, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, don kada mutane biyu da ke karatu tare su riƙa cin karo. Yakan kuma bar farin fili tsakanin sassa da gangan, domin a nan ido ke hutawa ya gane inda wani batu ya ƙare wani ya fara.

A zanen ƙididdiga ne ake gane wanda hannunsa ya faɗa. Edward Tufte, a littafinsa na 1983 kan nuna alƙaluma da zane, ya koyar da cewa tawada ta tafi ga bayani, a rage ado. Gwani yakan goge layukan baya da ba su da amfani, ya rubuta sunan kowane layi a jikinsa maimakon ya tura mai kallo wani akwati a gefe, ya sa wa zanen kan magana da ke faɗin abin da ya nuna. Yana kuma tuna cewa a cikin Turawa kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya bambance ja da kore sosai, kuma matsalar tana nan a kowace al'umma. Don haka sai ya zaɓi shuɗi da ruwan lemo, ko ya bambanta layukan da ɗigo-ɗigo da miƙaƙƙen zare.

Bugawa kuma wani fage ne da fostoci masu kyau da yawa ke faɗuwa. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki, shi ya sa shuɗin da ke ƙyalli a allo kan fito a dushe ko ya karkata zuwa shunayya. Hoton da aka kwafo daga intanet yakan yi kyau a waya, amma in aka buɗa shi sai ya farfashe. Lissafin mai sauƙi ne: ana so aƙalla ɗigo 150 a kowane inci na bugu, don haka hoton da zai kai santimita 30 a faɗi yana buƙatar ɗigo kusan 1,800 a kwance. Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin abin lura. Ba kowane salon haruffa ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da salon da ka yi amfani da shi, sai su fito a matsayin akwatuna ko su sauya kama. Maganin shi ne a kai aikin a PDF da haruffan a ƙunshe cikinsa.

Akwai wani gwaji da nake ganin hikimarsa ƙwarai. Kafin a biya kuɗin babban bugu, a fitar da fostar a A4 a riƙe ta a tsawon hannu. Tun da A0 ta ninka A4 sau huɗu a faɗi da tsawo, abin da idonka ya karanta a santimita 40 shi ne abin da mai kallo zai karanta a kusan mita ɗaya da rabi. Abin da ya gagare ka a nan zai gagare shi a can. A wannan ƙaramar takarda ne kuma abokin aiki zai kamo maka kuskuren harafi da kai ka daina gani. Sai zaɓen abin bugawa. Takarda mai sheƙi tana mayar da hasken fitilun zaure cikin ido, marar sheƙi ta fi daɗin karatu. Leda irin ta allunan tallace-tallace tana da araha da juriya, amma ƙananan haruffa ba sa fita tas a kanta. Ta yadi kuwa ana ninke ta a saka cikin akwati, abin da ke sauƙaƙa wa mai tafiya taro a jirgi.

Ranar taro, fostar ta gama nata, saura mai ita. Gwani yakan tsaya gefe, ba ya tare aikinsa da jikinsa. Yana da bayani na minti ɗaya ga mai sauri, da na minti biyar ga wanda ya ajiye jaka. Yakan fara da tambayar baƙon fannin da yake, don ya san ta inda zai ɗauko zancen. A irin wannan tsayuwa ake samun gyaran da mai duba kundi bai hango ba, ake samun wanda zai ba da aron na'ura, ko malamin da ke neman ɗalibi.

Saboda haka nake ganin ya kamata sassan jami'o'inmu su koyar da wannan sana'a da gaske, su riƙa shirya ranar fosta ta cikin gida kafin ɗalibi ya fita waje. Kuɗinta kaɗan ne, amfaninta kuwa ya zarce taro. Ɗalibin da ya iya faɗin sakamakonsa a jimla ɗaya, ya kuma kafa mata hujja a takarda ɗaya, zai iya bayyana shi ga manomi da ma'aikacin lafiya da mai riƙe da kasafin kuɗi, kuma a hannun waɗannan ne bincike ke zama aiki.